ILMIN KIMIYYA BAYAN AN TASHI DAGA MAKARANTA

An rubuta wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙasashen Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa. Maganarta kuwa ita ce yadda za a kafa wa yara ƙungiya ta maraice inda za su koyi kimiyya da hannunsu, ba da kunne kaɗai ba.

A shekarar 1977 Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, kuma kowa ya san likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu. Amma da jarrabawa ake shiga, wurin kuwa ba ya ɗaukar kowa. Sauran yara, su ne masu yawa, suna karanta kimiyya a allon bango, su haddace, su rubuta ran jarrabawa, su manta. Yaro ya iya faɗin cewa ruwa yana gangarawa ne daga tudu zuwa kwari, amma a ba shi tiyo a ce ya jawo ruwa daga kwata zuwa fangali, sai ya tsaya yana kallon manomin da bai taɓa shiga aji ba.

Abin mamaki shi ne, a duk faɗin Jihar Kano ba inda kayan koyon kimiyya suka taru kamar ƙasar Bagauda. Ga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka fara ginawa a 1971 aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a lokacin da aka gama ta tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga can ruwa yake bin babbar kwata har ya kai gonakin Kadawa da Kura, ba tare da inji ya tura shi ba, gangare kaɗai. Ga Kwalejin Fasaha ta Gwamnati a Bagauda, ga kuma reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wadda hedkwatarta ke Ibadan. A kudu akwai dajin Falgore, da duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Yaron da ya tashi tsakanin waɗannan bai kamata a ce sai a littafi ya san kimiyya ba.

ABIN DA YA FARU DA TUMATIR

Ranku ya daɗe, kada a ɗauki wannan magana wasan yara. Ku tuna shekarar 2016, sa'ad da ƙwaron nan da manoma suka sa wa suna Sharon ya faɗa wa tumatir. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne. Ya shiga ƙasar Sifen a 2006, ya bazu cikin Afirka, har ya iso mana. Gonaki suka bushe cikin 'yan kwanaki, kwando ya yi tsadar da ba a saba gani ba, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa kuwa ta tsaya don rashin abin niƙawa, ba ta ko daɗe da buɗewa ba.

Manoma da yawa sun yi ta feshi suna ƙara magani, ba su ga amfani ba. Dalili kuwa yana cikin halin ƙwaron. Uwar ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai yawo da dare, takan yi ƙwai fiye da 200. Tsutsar da ta fito ba ta zama a bayan ganye, sai ta huda ta shige tsakiyarsa ta yi ta ci daga ciki, inda yawancin magani ba ya kai gare ta. In ana zafi, cikin wata guda ko ƙasa da haka ƙwan ya zama uwa, ita ma ta yi nata. Saboda haka wanda ya jira sai ya ga ganye ya ƙone, ya makara.

To, ga aikin da yaro ɗan shekara 12 zai iya. Ya sa ruwa a faranti mai faɗi, ya ɗiga ɗan sabulu a ciki, ya kafa fitila a bisa, ya ajiye a gefen lambu da magariba. Da safe ya ƙirga ƙwarin da suka faɗa, ya rubuta da kwanan wata. Ran da ya ga lissafi ya fara hawa, ya gaya wa ubansa, ubansa ya nemi malamin gona tun ɓarna ba ta bayyana ba. Wannan ƙirga da rubutawa kullum, a sa'a ɗaya, ba ƙari ba ragi, shi ne tushen kimiyya duka. Malaman hakimai sun fi kowa sanin wannan, gama su ne masu riƙon littafi, sun kuwa san bambancin "an ce" da "an rubuta".

AWON RUWAN SAMA

Aiki na biyu na damina ne. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. A kafa shi a fili, nesa da itace da indararo, a ɗaure don kada iska ko akuya ta kayar. Kowace safiya yaro ya tsoma rula ya duba zurfin ruwan da milimita, ya rubuta, ya zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta sifiri, kada a bar gurbin fayau.

Sa'an nan malami ya nuna musu ma'anar abin da suka auna. Ruwan milimita 1 a kan hekta guda, watau wajen eka biyu da rabi, lita 10,000 ne, duro 50 ke nan. Ashe ruwan dare ɗaya da ya kai milimita 20 ya zuba wa wannan gona duro 1,000. Yaron da ya yi wannan lissafi da kansa ba zai ƙara tambayar amfanin darasin lissafi ba. In kuwa Doguwa ta auna, Bebeji ta auna, aka gwada littattafan biyu a ƙarshen damina, yara za su ga da idonsu abin da dattawa suka daɗe suna faɗi, cewa kudu ta fi arewa ruwa, su kuma san da nawa ta fi.

Sauran ayyuka suna da yawa, kowace ƙasa da abin da ke kusa da ita. Yaran Tudun Wada su tara ganyayen itatuwa su rubuta sunayensu da amfaninsu daga bakin tsofaffi. Na Riruwai su tara duwatsu iri iri. Inda akwai mai gyaran waya ko mai haɗa fitila da famfo masu aiki da hasken rana, a roƙe shi ya ba yara sa'a guda a mako.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a duniya. A ƙasar Amurka, tun daga 1902 aka fara tara yaran ƙauye bayan makaranta, ana ba su 'yan gonakin gwaji na masara. Da iyaye suka ga amfanin gonar ɗa ya fi na uba, sai suka karɓi sabon irin da sabuwar dabarar da dā suka ƙi ji daga bakin ma'aikatan gwamnati. Daga nan ƙungiyar da ake kira 4-H ta samo asali.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA HAKIMI

Ba kuɗi ne farkon abin da ake nema ba, lokaci ne da izini. Yaron ƙauye ba zaman banza yake yi da maraice ba. Akwai makarantar allo da Islamiyya, akwai gona, akwai kiwo da ɗiban ruwa. Ƙungiyar da ta ci karo da karatun Alƙur'ani ba za ta yi wata biyu ba, kuma bai ma kamata ta yi ba. Saboda haka hakimi ya tara dagatai da limamai da shugaban makaranta, a zaɓi lokacin da ba ya taɓa kowa. A yawancin garuruwa yammacin Alhamis ne, sa'ad da makarantun allo ke hutu. In shuka ko girbi ya zo a rage zama, amma kada a daina awo.

A nemi malami ɗaya mai son abin, ba wanda aka tilasta ba, a haɗa shi da dattijo ɗaya da iyaye suka amince da shi. Kada yara su wuce 20 ga malami guda. 'Yan mata su sami nasu zama da malama mace, a cikin makaranta ko gidan dagaci, gama su ma suna da hannu a shanya tumatir da adana hatsi, kuma a nan ake asara mai yawa.

Akwai gargaɗi guda biyu waɗanda ba a sassautawa. Kada yaro ya taɓa maganin feshi ko kaɗan. Kada kuma a bar yara su shiga kwata ko tafki, domin ruwan kwata yana da ƙarfin ja fiye da yadda ido ke gani, ga kuma tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ƙananan dodon koɗi ke zaune. In za a kai su ganin Tiga, hakimi ya rubuta wa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tun da wuri, a ba su ma'aikacin da zai zaga da su.

Malamin hakimi kuwa ya buɗe littafi guda na musamman, shafi ɗaya ga kowane gari. A ƙarshen wata dagaci ya aiko da kwafen abin da yara suka auna, malami ya shigar, ya sa kwanan wata da sunan wanda ya kawo. Garin da bai aiko ba, a aika a tambayi dalili tun kafin wata na biyu ya kama.