Darasin noma: yadda ake auna zaƙin rake



A fadamar Dallol Mauri, wajen Tibiri, Dumega da Gesheme, ruwa ba shi da nisa a ƙasa. Shi ya sa rake ke yi a garakenmu, har a kai shi kasuwannin Dutsi, Doso da Yamai. Amma sau da yawa manomi yakan sare rakensa ranar da bukatar kuɗi ta taso, ko ranar da mai mota ya zo. In rake bai nuna ba, ruwa ne kawai aka sayar. Mai saye ya ɗanɗana ya karya farashi, wahalar shekara ta tafi a banza.

Harshe yana jin zaƙi, amma bai iya ƙidaya shi. Akwai ma'auni iri 2 da ke ƙidayawa.

Mene ne Birikis?

Hatsi da tiya ake auna shi. Zaƙi kuwa da Birikis, sunan wani masani Bajamushe. Birikis 1 yana nufin kilo 100 na ruwan rake yana ɗauke da kilo 1 na sukari. Ruwan sha sifiri ne. Rake nunanne yakan kai 18 zuwa 22.

Mu yi lissafi. Kilo 100 na ruwan rake mai Birikis 20 yana da sukari kilo 20. Mai Birikis 14 yana da kilo 14. Wanda ya yi gaggawar sara ya yi hasarar kilo 6.

Ma'auni na farko: madubin zaƙi

Masana na ce masa refaraktometir. Tsawonsa kamar na tocila ne. Ku tsoma kara cikin ƙwaryar ruwa, za ku ga kamar ya karye. Haske ne ke lanƙwasa. In ruwa ya fi zaƙi, haske ya fi lanƙwasa. Wannan lanƙwasa madubin ke aunawa.

1. A ɗiga ruwa mai tsabta a kan gilashin. Sai ya nuna sifiri.
2. A goge da ƙyalle mai laushi.
3. A matso ɗigo 2 ko 3 na ruwan rake, a rufe marfin.
4. A duba ta wajen haske. Inda shuɗi da fari suka haɗu, nan lambar take.

Zaƙi daga gindi yake farawa, yana hawa gaɓa gaɓa. Saboda haka wuri 2 ake aunawa: gaɓar gindi, da gaɓar sama da ke ƙarƙashin ɗanyen ganye. In gindi 20 ne, sama 14, a ƙara haƙuri. In gindi 20, sama 19, rake ya nuna. In sama ta fi gindi, lokaci ya fara wucewa. Kada a dogara da kara guda. A gwada kamar 10, daga kusurwoyin garka da tsakiyarta.

Ma'auni na biyu: sandar awo

Ita ce dansimetir. Sandar gilashi ce mai nauyi a gindi, da lambobi a jikinta. Kun san ƙwai yana nutsewa a ruwan sha, amma yana tasowa a ruwan gishiri. Haka sandar take. A ruwa mai zaƙi tana tasowa, a tsinkakken ruwa tana nutsewa. A tace ruwan rake, a cika doguwar kwalba, a saki sandar a hankali, a karanta lambar da ke daidai da fuskar ruwa. Kada a auna ruwa mai zafi, lambar ba za ta yi daidai ba. Wannan sanda ta dace da masu dafa mazarƙwaila.

Ina zaƙi ke tafiya?

Akwai ƙananan halittu da ido bai gani, masu cin sukari. Su ke sa kunu ya yi tsami in ya kwana. Su ne kuma ke maida zaƙin tsiron dawa barasa a tukunyar masu dafa giya. Da ruwa ya fara kumfa, madubin zaƙi sai ya ruɗe, domin barasa ma tana lanƙwasa haske. Sai ya nuna zaƙin da babu shi. Don haka masu giya suka fi dogara da sanda: su auna kafin kumfa, su auna bayanta. Bambancin shi ne sukarin da aka cinye.

Rake ma haka ne. Tun daga ranar sara zaƙinsa ke raguwa. Kada ya wuce kwana 2 a tare cikin rana. Ruwan da aka matse kuwa, a ɗora shi a wuta nan take.

Ba sai kowa ya sayi nasa madubi ba. Guda ɗaya ya ishi ƙungiyar manoman gari. Ku yi shawara da malamin gona. Wanda ya iya karatu ya riƙe littafi, ya rubuta rana, sunan mai garka da lambobin da aka samu.

Tambayoyi

1. Gindi ya nuna 21, sama 15. A sare ko a jira?
2. Kilo 50 na ruwan rake mai Birikis 18, sukari kilo nawa ke ciki?
3. Don me madubin zaƙi ke ruɗewa in ruwa ya fara kumfa?

Ku tattauna amsoshin da malaminku na yaƙi da jahilci.