Darasi na Tara: Wa Ke da Ikon Sauya Ma'anar Kalma?

Ɗalibi, idan ka ce wa direba a tashar mota, "Katagum za ni," zai iya tambayarka, "Wace Katagum?" Tambayarsa tana da dalili. Malam Ibrahim Zaki ne ya kafa garin Katagum a farkon ƙarni na 19. A shekarar 1916 aka mayar da fadar sarki zuwa Azare, amma sunan masarautar bai sauya ba. Yau Sarkin Katagum a Azare yake zaune, kuma Azare ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, alhali tsohon garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Zaki. Suna ɗaya ya ɗauki ma'ana uku.

Kalmomin yau da kullum ma haka suke yi. Dubi waɗannan:

Kuɗi: jam'in wuri ne, abin cinikin mutanen da. Yanzu naira ake nufi.

Jirgi: na ruwa kaɗai aka sani. Daga baya aka sami jirgin ƙasa da jirgin sama.

Waya: siririn ƙarfe ce. Yanzu ita ce ta aljihunka, wadda ba a ɗaura mata waya ko ɗaya ba.

Boko: yaudara ce ko abin jabu, kamar a "amaryar boko". Yanzu ilmin zamani ake fara tunawa.

Ba wata hukuma ce ta ba da umarnin waɗannan sauye-sauye ba. Bakin jama'a ne ya kawo su, ƙamus ya biyo baya. Shi ya sa za ka ga bambanci tsakanin ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Hausawa sun ce, sarki goma, zamani goma.

To, duk abin da ka ji a bakin mutane ya zama daidai ke nan? A'a. Samari kan ce, "Ya ɗau wanka," suna nufin ya yi ado. Wannan sara ce, tana iya zama, tana iya shuɗewa. Ka faɗe ta cikin abokai, amma idan ka rubuta ta a insha'i ko a wasiƙar neman aiki, za ka rasa maki ko a ɗauke ka maras natsuwa.

Kafin ka karɓi sabuwar ma'ana a rubutunka, ka auna ta da abu uku. Shin manya da yara duk sun fahimce ta? Ta daɗe a bakin jama'a? Ana samunta a littattafai da labaran rediyo? In ta cika ukun, ta zauna. In ba ta cika ba, ka dakata.

Aiki

1. Kawo ma'anar "waya" ta da, da ta yanzu.
2. Yi amfani da "jirgi" cikin jimloli uku masu ma'ana daban-daban.
3. Tambayi wani dattijo kalmomi biyu da ma'anarsu ta sauya tun yana yaro, ka rubuto su.