Tsohuwar Roba Ba Shara Ba Ce

Babu gidan da ya rasa roba a yau: gorar ruwa, jarkar man gyaɗa, bokiti, buta, robar wanki. A da ƙwarya da tulu da kwando ne ke wannan aiki, in sun fashe kuma ƙasa ta cinye su. Roba kuwa ba ta ruɓewa, sai dai rana ta gasa ta, ta marmashe, ɓurɓushinta ya daɗe cikin ƙasa shekara da shekaru. Duniya na ƙera roba sama da tan miliyan 400 kowace shekara, amma wadda ake sake sarrafawa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba.

Da damina ake ganin ɓarnarta. Goruna da ledoji su toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidaje, wanda ya kwanta kuma sauro ya hayayyafa a ciki. Mahauta sun sha tarar da dunƙulen leda a tumbin akuya ko saniya. Masu cinna wa bola wuta su ma ba su tsira ba, domin hayaƙin roba guba ne ga huhu.

Alhali abin nan kuɗi ne. A Kano, ɗan jari bola yana zaga unguwa da buhu ko kura, ya tsinta ko ya saya, ya kai wa dillali a ɗora a sikeli a biya shi bisa kilo. Dillali ya sa a ware, domin ba a gwama roba a narka. Alamar irin robar tana gindin kayan: lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da lemo, lamba 2 ta jarka, lamba 5 kuma ta yawancin bokitai da kujeru. Daga nan sai injin niƙa, a wanke, a shanya, a cika buhuna zuwa masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, inda tsohon bokiti ke komawa buta ko sabon bokiti. Gorar ruwa kuwa har zare ake yi da ita, a cusa a filo da katifa. A kowane mataki akwai mai cin abinci: matsinci, mata masu warewa, mai inji, direba.

Wasu ma gini suka yi da ita. A 2011, a Sabon Yelwa kusa da Kaduna, an ɗura yashi a dubban goruna, aka jera su da laka, aka tayar da gida sukutum.

Gyaran daga gida yake farawa. Uwargida ta ajiye buhu guda na roba kaɗai, a ɗauraye gora a matse ta kafin a jefa, domin tsaftatacciyar roba wadda aka ware ta fi daraja wajen dillali. Masu zoɓo da kunun aya su wanke gorunansu da sabulu da ruwa mai tsabta. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi kuwa, kada a kuskura a zuba mata ruwan sha ko mai, ko da an wanke ta.

Ya kamata masu unguwanni da limamai da shugabannin makarantu su ware wurin tara roba, a riƙa sayarwa ana zuba kuɗin a aikin gayyar yashe magudanan ruwa tun kafin ruwan farko ya sauka.