Lissafi a Tsakiyar Teku: Tsallaka Mashigin Ingila da Dare

Tsakanin tsibirin Wight da ke kudancin Ingila da tashar jiragen ruwa ta Cherbourg a Faransa akwai tazarar kimanin mil 60 na teku, kowane mil kuwa mita 1,852 ne. Masu ƙananan jiragen shaƙatawa, waɗanda iska ke turawa ta hanyar babban ƙyalle, sukan tashi da yamma domin su shiga tasha da hasken safiya. Jirgin da ke cin mil 5 a sa'a yana bukatar sa'a 12.

Ruwan da ke Tafiya

Ƙarfin jan wata da na rana ne ke sa teku ta cika ta kuma janye. A wannan mashigi ruwa yakan malala gabas na kimanin sa'a 6, sa'an nan ya juyo yamma na wasu 6. Zagayen duka sa'a 12 ne da minti 25. Shi kuwa jirgin kudu ya nufa, wato ruwan yana tura shi ta gefe.

A ƙaddara gudun ruwan mil 2 ne a sa'a. Matuƙin da ya dage sai ya bi miƙaƙƙen layin da na'urar GPS ke nuna masa, tilas ya riƙa karkata kan jirgi yana yaƙi da ruwa. Ƙa'idar Pythagoras ta bayyana asararsa: 5 sau 5, a debe 2 sau 2, saura 21, tushensa kuwa kusan 4.6. Wannan shi ne gudunsa na gaskiya zuwa kudu, don haka tafiyar za ta haura sa'a 13.

Gwanin matuƙi yakan tsayar da kamfas a kan kudu, ya ƙyale ruwa ya kwashe shi mil 12 zuwa gabas, domin ya san zai mayar da shi idan ya juyo. Hanyarsa a taswira lanƙwasasshiya ce, amma shi zai riga isa. Sai dai yakan nufi gefen tashar da ruwa ke fitowa, don kada igiya mai ƙarfi ta gaɓar Faransa ta wuce da shi.

Karatun Fitilu

Tsakiyar mashigin hanya ce ta manyan jiragen dakon kaya. Dokokin hana karo na duniya na 1972 sun wajabta jar fitila a hagun jirgi, koriya a dama, fara a baya. Wanda ya hango ja da koriya tare, to jirgi ya fuskanto shi. Haka kuma idan kamfas ya nuna wani jirgi bai sauya kusurwa ba alhali yana ƙara matsowa, karo na tafe.

Kowace hasumiyar fitila tana da nata salon walƙiya. Ta Gatteville, gabas da Cherbourg, takan walƙa sau biyu cikin kowace daƙiƙa 10, kuma da ita matuƙi ke tabbatar da inda yake kafin asuba.

Aikin Ɗalibi

1. Idan gudun ruwan ya zama mil 3 a sa'a, sa'a nawa mai bin miƙaƙƙen layi zai yi?
2. Me ya sa dabarar gwanin ba za ta yi aiki ba a tafiyar sa'a 6?