Kartar da ta fito daga cikin kwamfuta

Wani mai sauraronmu da ke kasuwanci a unguwar Deira ta Dubai ya aiko da tambaya. Ya ce a bikin baje kolin fasaha na GITEX, wanda ake yi a birnin tun 1981, ya ga karta mai zanen sarki da sarauniya ɗigo-ɗigo kamar na tsohuwar kwamfuta. Shin daga ina ta samo asali?

To Alhaji, bisa kwatancenka, 'yar gidan Solitaire ce. Kamfanin Microsoft ya sa wannan wasa cikin Windows 3.0 a 1990. Wes Cherry, ɗalibi mai neman sanin makamar aiki, shi ya rubuta manhajar, Susan Kare kuma ta zana katunan. Dabara ce ta koya wa mutane riƙe linzamin kwamfuta: ka ja kati, ka ajiye shi kan wani, hannunka ya saba ba tare da ka ankara ba. Ma'aikatan ofis dai sun wuce gona da iri wajen wannan darasi! A 2015 kamfanin Areaware ya buga zanen Kare a kan takarda, har Kare ɗin ta ƙara joka, wanda babu shi a wasan asali.

Akwai kuma wata kartar da ta fi burge ni, Elevation of Privilege, da Adam Shostack ya ƙirƙiro a Microsoft a 2010. Kowane kati na ɗauke da wata kafar da masu kutse za su iya bi, injiniyoyi su zauna suna bugawa suna lalubo raunin manhajarsu.