Annoba da Mai Taɓin Hankali: Gargaɗi ga Magidantan Doguwa

Korona ta shigo Kano a Afrilun 2020, aka kulle gari, mota ta yi wuya. Mai karɓar magani a Asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano, in daga Doguwa ko Riruwai yake, sai ya keta Dajin Falgore kafin ya ga likita, ga hanya a rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Bayan korona, mashaƙo ya addabi Kano a 2023. Maigida, buɗe kunnenka tun kafin wata annobar ta zo.

Abin da za ka yi

Roƙi likita ya rubuta magani mai yawa da zarar an fara raɗe-raɗin kulle. Ranar da magani ya ƙare, ciwo ya samu ƙofa.

Adana katin asibiti da kwalin magani. Ma'aikacin da bai san mara lafiyar ba, da su zai yi aiki.

Mai zazzaɓi da sambatu, kai shi asibiti mafi kusa a ranar. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro suna juya hankali, kuma ba sa jiran a buɗe hanya.

Sa ido a kan maijego da wanda aka yi wa rasuwa. Shirun da ka ɗauka haƙuri ne, wani lokaci ciwo ne.

Ɗauke fiya-fiya da maganin feshin gona daga gidan da wani ke cewa ya gaji da duniya.

Abin da ba za ka yi ba

Kada ka tsayar da magani idan mara lafiyar ya samu sauƙi. Maganin ne sauƙin.

Kada ka bar mai kemis ya canja maganin likita da ƙwayar barci. Za ka ƙara masa shaye-shaye a kan ciwo.

Kada ka ce aljanu ne ka tsaya nan. A yi ruƙiyya, a kuma je asibiti. Babu wanda ya hana ka haɗawa.

Kada ka sa masa mari ko ka garƙame shi a ɗaki da sunan kariya. A Agustan 2020 'yan sandan Kano sun fito da mutanen da danginsu suka kulle shekara da shekaru, wasu ko tsayuwa ba sa iyawa.

Kada ka ɓoye shi don gudun surutun unguwa. Masu surutun ba za su yi maka jinya ba.