Yadda Ake Auna Hargitsin Ruwa da Lakarsa a Kogin da Teku ke Shiga

Wanda ya saba da Kogin Rima ko na Haɗeja, waɗanda ruwansu bai san wata alƙibla ba sai gangare, lalle zai sha mamaki in ya tsaya a gaɓar Kogin Garon, kusa da birnin Bodo na Faransa, domin a can idan teku ta cika sai ta tunkuɗo ruwa baya har kimanin kilomita 170 daga bakinta, sa'an nan ta janye, wannan kai-komo kuwa yana cika zagaye ɗaya cikin sa'a 12 da minti 25.

Saboda haka sharaɗin farko ga mai niyyar awo shi ne ya dubi wata, gama cikar teku ta fi ƙarfi wajen tsayuwarsa da wajen daren goma sha huɗu, tana raunana a tsakaninsu. Kuma wajibi ne ya zauna zagaye guda cikakke, tun da awon rabin zagaye shaida ce ta ɓangare ɗaya. Masana na Jami'o'in Bodo da Kwinsland da suka yi irin wannan aiki a Garon cikin 2010 sun zaɓi watan Satumba, lokacin da ruwan kogin ya ja baya, teku ta sami ikon kutsawa.

Daga nan sai a ɗaure wata na'ura a jikin abin da ba ya rawa, a nutsa kanta cikin ruwa. Ita dai tana aika ƙara mai kaifin da kunne ba ya ji, ƙarar ta bugi ƙwayoyin laka ta dawo, daga sauyin muryarta kuma, bisa ƙa'idar da Christian Doppler ya bayyana a 1842, a san saurin ruwa gaba da gefe da sama, sau gommai cikin kowane sakan.

A nan hikimar take. Osborne Reynolds na Manchesta ya nuna a 1895 cewa saurin ruwa kashi biyu ne: matsakaici, da ƙari ko ragi da ke fizga a kansa kowane lokaci. Mai lissafi yakan zubar da ƙididdigar da kumfa ko kifi suka ɓata, ya fitar da matsakaicin, abin da ya saura shi ne hargitsin; shi ne kuwa yake tono laka daga ƙasa ya hana ta kwanciya, kamar yadda ƙullun koko ke kwantawa da zarar an daina motsa shi.

Sai dai na'ura ba ta san nauyin laka ba, ƙarfin amo kawai take ji, kuma amon yana da yaudara: gishiri yakan sa ƙwayoyin yumɓu su dunƙule, sa'an nan idan laka ta yi kauri ƙwarai sai ta shanye ƙarar, amo ya ragu alhali lakar ƙaruwa ta yi. Don haka ba makawa a riƙa ɗiban ruwa a kwalabe, a rubuta sa'a da zurfi, a tace shi ta takardar da aka riga aka san nauyinta, a busar a zafin digiri 105, a ɗora a mizani. Wannan aikin hannu, wanda wasu ke ganin ƙasƙanci gare shi, a ganina shi ne asalin hujja, domin da shi ake fassara kowane amo zuwa giram a lita.

Daga bisani sai a ninka sauri da yawan laka, lokaci bayan lokaci, a tara abin da ya haura da abin da ya gangara, a cire ɗaya daga ɗaya. Ragowar sau da yawa kaɗan ce in an gwada ta da jimlolin biyu, amma da ita ake gane inda laka za ta taru, da inda za a yashe hanya domin jiragen da ke nufin tashar Bodo.